Jarrabawar Gina Manhaja da Ƙaramin Kod: Tambayoyin da Matasan Kebbi Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin ɗalibai da ma'aikata a Birnin Kebbi da Jega da Argungu da Zuru, masu niyyar zama jarrabawar shaidar ƙwarewa a gina manhaja da ƙaramin kod. Na fi ba da ƙarfi a kan Power Platform, wato tarin kayan gina manhaja da ƙaramin kod na kamfanin Microsoft, domin a kansa aka fi tambaya, amma mafi yawan shawarwarin za su yi wa mai bin wani kamfanin amfani.

Malam, wai mene ne ma gina manhaja da ƙaramin kod?

Hanya ce ta haɗa manhajar waya ko ta kwamfuta ba tare da ka zauna kana rubuta dubban layukan kod ba. Kamfani ya riga ya tanadi maɓallai da fom-fom da jadawalai da hanyoyin haɗa manhajar da imel ko Excel. Kai kuma ka jawo su, ka jera su, ka rubuta ɗan gajeren umarni inda ake bukata. Kamar magini ne da aka kawo wa bulo bugagge: ba shi zai kwaɓa siminti ya buga bulo ba, amma idan bai san awo da tushe ba, katangar za ta karkace. Kamfanin bincike na Forrester ne ya yayata sunan wannan salo a 2014, Microsoft kuma ya buɗe Power Apps, kayan gina manhaja na cikin Power Platform, ga kowa a 2016.

Kamfanoni suna da yawa. Wanne zan bi?

Manyan da ke ba da satifiket sun haɗa da Microsoft, da OutSystems da aka kafa a Fotugal a 2001, da Mendix da aka kafa a Holan a 2005 wanda Siemens ya saya a 2018, da Appian na Amurka, da Salesforce. Akwai kuma AppSheet da Google ya saya a 2020, mai aiki da Google Sheets, yana da daɗin koyo ga sabon shiga.

Idan akwai wurin aikin da kake hange, ka binciki abin da suke amfani da shi ka bi wannan. Idan babu, shawarata Microsoft. Duk ofishin da ke amfani da Outlook da Teams da SharePoint, to ƙofar Power Apps a kusa take da shi, kuma bankuna da ƙungiyoyin agaji da yawa a Najeriya a kan waɗannan suke aiki. Darussansa kyauta ne a Microsoft Learn. Abin da ba na so shi ne ka taɓa wannan mako guda, ka koma wancan mako guda. Ka kama ɗaya har ka ga ƙarshensa.

Na ga PL-900 da PL-200 da PL-400. Da wacce ake farawa?

Duka lambobin jarrabawoyin Microsoft ne. PL-900 ita ce ta tushe. Tana gwada ko ka san abin da kowane kayan aiki yake yi da lokacin da ya dace a ɗauko shi. PL-200 ta mai zama da masu ofis ce, ya saurari matsalarsu ya tsara musu mafita, kuma tana nutsewa sosai cikin Dataverse, wato rumbun ajiyar bayanai na Power Platform. PL-400 ta masu rubuta kod ce na gaske, sai ka iya C# da JavaScript. PL-300 kuwa ta masu nazarin alƙaluma ce da Power BI.

Wanda bai taɓa aiki da waɗannan kaya ba ya fara da PL-900. Ba sharaɗi ba ce kafin a zauna na sama, amma tana koya maka yaren jarrabawar da kuɗi kaɗan.

A kula da wani abu. Microsoft yana ritayar da jarrabawa, yana kuma sauya abin da ke cikin masu ci. PL-100, wadda da ita ce ta masu gina manhaja, an rufe ta a ƙarshen Yunin 2024, amma har yau bidiyoyinta na nan birjik a YouTube, kuma akwai masu ƙona data a kansu. Kafin ka sa wa kowace jarrabawa rai, buɗe shafinta a Microsoft Learn, ka tabbatar tana nan, ka karanta jagorar karatunta. A can ake jera abubuwan da za a tambaya, da kason kowane sashe, da ranar da aka yi gyara na ƙarshe.

Ban karanta kimiyyar kwamfuta ba, Turancina ma ba shi da ƙarfi. Zan iya?

Za ka iya. Wanda ya taɓa rubuta lissafi a Excel ya riga ya taka mataki na farko, domin Power Fx, yaren umarnin Power Apps, a kan salon Excel aka gina shi. Wanda ya yi aikin tattara bayanai da KoboToolbox ko ODK a ƙauyuka shi ma ya san fom da gurabensa da sharaɗin da ke ɓoye tambaya ko ya fito da ita.

Maganar Turanci gaskiya ce, ba a yin jarrabawar da Hausa. Amma Microsoft ya yarda wanda babu jarrabawar a harshensa ya nemi ƙarin minti 30. Ana neman wannan kafin a tsayar da rana, ba bayan an biya an zauna ba. Mutane da yawa ba su san da shi ba, alhali haƙƙinsu ne.

To ta ina zan fara karatu?

Nan ne bakin zaren. Ka gina abu ɗaya na gaske da hannunka, ka bar karatun ya biyo bayan ginin. Jarrabawar nan ba hadda take nema ba, zaɓi take gwadawa: ga matsala, ga kayan aiki huɗu, wanne ya dace? Wanda ya taɓa ɗaukar wanda bai dace ba ya ga yadda aikin ya cije masa, ba zai sake mantawa ba.

Kada ka je nesa neman misali. Ɗauki ƙungiyar manoman shinkafa irin waɗanda ke cike a fadamun Argungu da Suru. Sakataren ƙungiya yana da babban littafi mai bangon kwali. A shafi ɗaya sunayen manoma, a wani buhunan taki da iri da kowa ya karɓa bashi, a wani kuma buhunan shanshera da aka mayar bayan girbi. Wani wurin an soke da biro, wani wurin ruwa ya taɓa tawada, Sani uku ne a ƙauye ɗaya. Wannan littafin shi ne aikinka.

Fara da jadawalai uku a Dataverse: na manoma, na kayan da aka bayar, na biyan da aka yi. Haɗa su yadda manomi ɗaya zai iya samun bashi da yawa, amma kowane bashi na manomi ɗaya ne. Da ka yi wannan ka fahimci dangantakar ɗaya-da-yawa fiye da wanda ya kalli bidiyo goma. Sai ka gina manhajar kanbas ta waya, wato irin wadda kai ne ke tsara fuskarta, wadda wakilin ƙungiya zai shiga gona da ita, ya zaɓi manomi, ya rubuta buhu nawa, ya ɗauki hoto. A nan za ka haɗu da umarnan Power Fx irin su Filter da LookUp da Patch da SubmitForm, ka ga bambancin Set da UpdateContext da idonka. Bayan haka ka gina manhajar modal ta ofis, wato irin wadda tsarin bayanan ne ke haifar da fuskarta, inda sakatare zai ga komai a jere. Sannan ka je Power Automate ka haɗa fulo, wato jerin matakan aiki da ke gudana da kansu: duk lokacin da aka nemi taki fiye da buhu goma, saƙo ya tafi wa shugaban ƙungiya ya amince ko ya ƙi. Ƙara wani da zai tura jerin masu bashi kowace safiyar Litinin. Daga ƙarshe ka raba izini, wakili ya ga manoman yankinsa kawai, ma'aji ya ga kuɗi, shugaba ya ga duka.

Idan shinkafa ba ta dame ka ba, ɗauki dillalan albasa na Aliero, ko rajistar ɗaliban islamiyyar unguwarku, ko shagon magani. Sharaɗin shi ne ka san matsalar tun kafin ka buɗe kwamfuta.

Sunayen da za ka zuba a ciki su zama na ƙirƙira. Kada ka kwashi sunayen mutane na gaske da lambobin wayarsu da NIN ko BVN ka yi gwaji da su. Amana ce, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Kowane sashe ka gama ginawa, sai ka koma Microsoft Learn ka karanta darasinsa. Za ka ga karatun yana shiga kamar an buɗe maka ƙofa.

A ina zan yi wannan ginin ba tare da na biya lasisi ba?

Akwai Power Apps Developer Plan, kyauta ne don koyo da gwaji, kuma yana zuwa da Dataverse. Matsalarsa ɗaya: yana bukatar imel na makaranta ko na wurin aiki, ba ya karɓar Gmail. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar Aliero da Kwalejin Waziri Umaru su fara tambayar sashen kwamfuta na makarantarsu ko ana ba ɗalibai imel mai aiki da Microsoft 365. Ma'aikaci ya nemi izinin mai kula da kwamfutocin ofishinsa. Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya buɗe asusun Azure, wato dandalin Microsoft na ayyukan kwamfuta ta intanet, ya ƙirƙiri mai amfani a ciki, ya yi rajista da shi.

Idan ka bar farfajiyar gwajin ta daɗe babu aiki, ana kulle ta, daga baya a goge. Saboda haka ka saba da tattara aikinka cikin solushan, wato ƙunshin da ke haɗa kayan manhaja wuri ɗaya, kana sauke kwafinsa a kwamfutarka. Wannan ma kansa darasi ne da jarrabawa take tambaya.

Mendix da OutSystems da Appian su ma kowanne yana da wurin gwaji na kyauta.

Waya kaɗai nake da ita.

Karatu da gwajin tambayoyi za su yiwu a waya. Gini ba zai yiwu yadda ya kamata ba, jarrabawar gida ma ba a yin ta a waya. Ku haɗu ku biyu ko uku a kan laftof ɗaya ku raba lokaci, ko ka daidaita da mai shagon kwamfuta a lokutan da ba shi da ciniki. Ba sai mai tsada ba, tunda a burauza ake aikin. Data ita ce za ta fi cin kuɗi, don haka ka fifita darussan rubutu a kan bidiyo.

Waɗanne wurare ne suka fi kayar da mutane?

Na farko, bambancin manhajar kanbas da ta modal. A kanbas kai ne mai tsara fuska, ka ajiye maɓalli inda kake so, ka jawo bayanai daga SharePoint ko Excel ko SQL Server ko wani wuri. A modal, tsarin bayanan da ke Dataverse ne ke haifar da fuskar, kuma ba ta aiki sai da Dataverse. Idan tambaya ta ce ana son fuska ta musamman ga ma'aikacin da ke yawo da waya, hankalinka ya tafi kanbas. Idan ta ce jadawalai ne masu yawa da matakan aiki da dole a bi a jere, modal ce. Idan kuma mutanen waje ne za su shigo, kamar manoma su duba bashinsu da kansu ta intanet, to Power Pages ake nufi.

Na biyu, deligeshan, kuma a kansa nake so a fi tsayawa, domin ba a jarrabawa kaɗai yake cutarwa ba. Idan ka rubuta umarnin nema, Power Apps yana ƙoƙarin miƙa aikin ga rumbun bayanan, rumbun ya tace ya turo sakamako kawai. Amma akwai umarnin da wani rumbun ba ya iya karɓa. A irin wannan hali manhajar takan jawo layuka 500 na farko ta yi nema a cikinsu kaɗai. Kana iya ɗaga adadin, amma iyakarsa 2,000. A ce ƙungiyarku tana da manoma 3,000 a jerin SharePoint, ka yi amfani da Search wajen neman suna. Manomin da ke layi na 2,400 zai zo ya tsaya a gaban wakili, a rubuta sunansa, manhaja ta nuna babu shi. Ba za ta ce an yi kuskure ba, shiru kawai za ta yi, mutum ya koma gida babu taki. Alamar tana nan tun lokacin gini, ɗan alwatika ruwan ɗorawa a jikin umarnin, amma sabon shiga yakan ƙyale shi domin da layuka ashirin na gwaji komai yana tafiya daidai. Idan ka sauya zuwa Filter da StartsWith, SharePoint zai karɓi aikin. Ka zuba layukan ƙarya fiye da 2,000 ka gwada wannan da kanka, ko sau ɗaya ne.

Na uku, ire-iren fulo. Akwai mai tashi da kansa idan wani abu ya faru, akwai mai jiran a danna maɓalli, akwai mai bin agogo. Akwai kuma na kan kwamfuta, wanda ke kwaikwayon danne-dannen mutum a tsohuwar manhajar da babu wata hanyar haɗa ta da komai.

Na huɗu, lasisi. Konekta ita ce mahaɗar manhaja da wani wurin bayanai. Konektocin SharePoint da Outlook da Excel na gama-gari ne, na SQL Server da Dataverse da wanda ka ƙera da kanka na ƙarin kuɗi ne. Sai dokokin hana fitar bayanai, waɗanda ke raba konektoci gida uku: na aiki, waɗanda ba na aiki ba, da waɗanda aka toshe. Ba a haɗa na gidan farko da na biyu a manhaja ɗaya.

Sai solushan, wanda iri biyu ne. Buɗaɗɗe shi ne na wurin gini, rufaffe shi ake kaiwa inda jama'a ke aiki. Idan ka cire rufaffe, kayan cikinsa suna tafiya tare da shi. Idan ka cire buɗaɗɗe, kayan suna nan.

Wani ya ce zai turo min ainihin tambayoyin jarrabawa a Telegram idan na biya. In karɓa?

Kada ka karɓa, ko kyauta ne. Satar amsa ce, kuma kafin ka fara jarrabawa sai ka amince da yarjejeniyar da ta haramta ta. Wanda aka kama, Microsoft yana da ikon soke satifiket ɗinsa ya kuma hana shi sake zama. Ban da haka, amsoshin da ke yawo a irin waɗannan takardu da yawa kuskure ne, wasu kuma tsofaffi ne tun kafin a sauya manhajar. Har yanzu za ka ga masu kiran Power Virtual Agents, alhali tun ƙarshen 2023 ya koma Copilot Studio.

Abin da ya fi damuna ma ba kamun ba ne. A ce ka tsallake, ka samu takarda. Ranar ganawar ɗaukar aiki za a juyo maka da laftof a ce gina mana fom mai ajiye bayani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma idan ɗaya daga cikinmu ya ji kunya a irin wannan wuri, na bayansa da ya fito daga Kebbi da takarda iri ɗaya shi zai gaji zargin.

Halastaccen gwaji yana nan kyauta a Microsoft Learn, kuma yana bayanin dalilin kowace amsa. Ka yi shi, ka karanta bayanin har na waɗanda ka ci, ka koma manhajarka ka gwada abin da ka faɗi. Idan ka fara gane amsa tun kafin ka gama karanta tambaya, to hadda ta shigo, makin da kake samu ya daina gaya maka gaskiya.

Nawa ne kuɗin, kuma yaya ake biya?

A Amurka PL-900 dala 99 ce, na matakin sama dala 165. Farashin yana bin ƙasar da za a zauna jarrabawar, don haka ka zaɓi Najeriya a shafin ka ga naka. Ana biya da kati mai aiki a ƙetare. Bankuna da yawa sun dakatar da wannan a katin naira a 2022, wasu sun dawo da shi a 2025, kowanne da iyakar da ya sa. Ka je bankinka ka tambaya tun da wuri.

Ɗalibin da ya tabbatar da ɗalibtarsa a asusunsa na Microsoft Learn yana samun rangwame. Microsoft kan kuma ba da rangwame ga waɗanda suka halarci horonsa na kyauta ta intanet mai suna Virtual Training Days. Wanda ke cikin shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ya riƙa sa kunne a rukuninsu, irin wannan sanarwa takan bi ta can.

Wajen rajista ka yi amfani da asusun Microsoft naka na kanka, ba na makaranta ko ofis ba. Idan ka gama makaranta aka rufe imel ɗin, tarihin jarrabawarka yana iya tafiya da shi.

In zauna a gida ko in je cibiya?

Pearson VUE ne ke gudanar da jarrabawar, kuma hanyoyi biyu ne. Ko ka je cibiyarsu, ko ka yi a ɗakinka ta manhajar OnVUE, mai sa ido yana kallonka ta kyamara daga farko har ƙarshe.

Cibiya ta ɗauke maka damuwar wuta da sabis. Akwai su a Abuja da Legas, shafin rajista kuma zai nuna maka wadda ta fi kusa da kai. Sai dai daga Birnin Kebbi zuwa Abuja, ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora, tafiyar yini ce, ga kuɗin mota da masauki. Mai hali, ko mai ɗan'uwa a can, wannan ya fi kwanciyar hankali.

Mai yi a gida kuwa, ya ɗauki shirin ɗakin da muhimmanci kamar karatun kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai gwajin na'ura a shafin Pearson VUE. Ka yi shi da laftof ɗin da za ka yi jarrabawa, a ɗakin da za ka zauna, a kan layin da za ka hau, a daidai sa'ar da ka zaɓa, kuma ka maimaita a ranaku daban-daban, domin sabis ɗin safe ba shi ne na bayan isha'i ba. Pearson ba ya son a jona intanet daga waya, saboda kira ɗaya yana iya katse hoton. Idan akwai wani ofis ko makaranta mai tsayayyen intanet da za a ba ka ɗaki ka kulle, ka roƙa. Laftof ya cika da caji, na'urar intanet ta kasance a kan inbata ko sola, kada ka dogara da wutar gari. Idan janareta ne, a tayar da shi kafin ka shiga, a ajiye shi nesa da taga.

Ka lura da lokaci. Kada ka sa jarrabawa ta faɗa cikin lokacin salla, don kanka, kuma don lasifikar masallacin unguwa. A watan Afrilu da Mayu, zafin rana a ɗakin kwano yana sa laftof ya yi nauyi ko ya mutu, don haka sassafe ya fi.

Ana buɗe shiga minti 30 kafin lokaci. Za ka ɗauki hoton fuskarka da katin shaidarka da kusurwoyin ɗakin. Teburi ya zama fayau, babu littafi, babu takarda, babu biro, babu allo na biyu. Da ka gama ɗaukar hotuna, wayar ta koma inda hannu ba ya kaiwa. Ba a karanta tambaya a bayyane, ko da motsa leɓe ne, kuma wannan yana wahalar da mu da muka taso da karatun allo. Ka horar da kanka karatun zuci tun a lokacin gwaji.

Idan ka ga ranar ba za ta yiwu ba, ka ɗaga ta da saura aƙalla awa 24. Ƙasa da haka kuɗinka ya tafi.

Wane kati ake karɓa?

Katin gwamnati na asali, mai hoto, wanda bai ƙare ba. Fasfo da lasisin tuƙi su ne mafi aminci. Sunan da ke katin dole ya zo daidai da wanda ka yi rajista da shi. A wurinmu wannan babban tarko ne: Muhammad a asusu, Mohammed a fasfo, ko Abubakar a nan, Garba a can, ko sunan gari a ƙarshen ɗaya babu shi a ɗayan. Ka ajiye katin a gabanka ka kwafe sunan harafi bayan harafi.

Malam, ni matar aure ce, ga yara, ga hijabi. Zai yiwu a gida?

Zai yiwu, 'yar'uwa. Ba a hana suturar addini, abin da ake bukata fuskarki ta fito a kyamara a gwada ta da hoton kati. Yaran su ne abin shiri. Idan wani ya turo ƙofa ya shigo, ko aka ji murya tana yi miki magana, mai sa ido yana iya tsayar da jarrabawar. Ki zaɓi lokacin da suke makaranta, ƙaramin ki kai shi wurin kakarsa ko maƙwabciya, ki sanar da maigida da duk mutanen gida, ki sa sakata. PL-900 gajeriya ce, duka da shiga da fita ba za ta cinye miki safiya ba.

Yaya cikin jarrabawar yake?

PL-900 minti 45 ce. Na matakin sama sukan kai minti 100. Tambayoyi yawanci tsakanin 40 ne da 60. Makin ci 700 ne cikin 1,000, amma ba ya nufin kashi 70 cikin ɗari na tambayoyin, domin ana auna makin da nauyinsu. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ka bar gurbi.

Akwai ta zaɓi ɗaya, akwai ta zaɓi biyu ko uku, akwai ta jawo amsa a ajiye, akwai ta jera matakai. A na matakin sama za ka haɗu da dogon labarin wani kamfani da tambayoyi a ƙarƙashinsa, idan ka fita daga sashen ba ka komawa. Ka fara duba tambayar, sannan ka koma labarin ka nemo abin da ya shafe ta. Akwai kuma jerin masu amsar i ko a'a da su ma ba a komawa baya. A waɗannan na sama an yarda ka buɗe Microsoft Learn a cikin jarrabawar, amma agogo ba ya tsayawa, don haka ka bar shi don tambaya ɗaya ko biyu da ka san inda amsarsu take. A PL-900 babu wannan damar. Microsoft yana da shafin da ke nuna siffar allon jarrabawa, ka zagaya shi tun kafin ranar.

Sakamako yakan fito a allo da ka gama.

Idan na faɗi fa?

Bayan faɗuwar farko ana jiran awa 24, daga ta biyu kwana 14 tsakanin kowane zama, kuma ba a wuce sau biyar a wata 12. Kowane zama da kuɗinsa. Kada ka yi gaggawar komawa washegari. Takardar sakamako tana nuna sashen da ka yi rauni. Ka ɗauke ta ka koma kan manhajar manomanka, ka gina abin da ya shafi wannan sashen, sannan ka sa rana.

Satifiket ɗin zai ba ni aiki?

Shi kaɗai, a'a, musamman PL-900. Yana sa a tsaya a kan takardunka, amma abin da za ka nuna shi ke sa a kira ka. Ka ɗauki gajeren bidiyon manhajarka tana aiki, ka rubuta matsalar da ta warware a layi biyar, ka sa a LinkedIn tare da shaidar da Microsoft ya ba ka. Wanda yake aiki a wata ma'aikata ko asibiti ko kamfanin casar shinkafa ya fi kowa dama, domin ya san fom ɗin da ke ɓacewa da rahoton da ke makara kowane wata. Ya nemi izinin shugabansa ya gyara guda ɗaya.

Yana ƙarewa ne?

Na tushe, irin PL-900, ba ya ƙarewa. Na matakin sama shekara ɗaya yake yi, ana sabunta shi kyauta da ɗan gajeren gwaji a Microsoft Learn, babu mai sa ido, kuma kana iya duba littafi. Ƙofar sabuntawa tana buɗewa da saura wata shida ya ƙare, ana kuma turo tunatarwa ta imel ɗin da ka yi rajista da shi. Idan ka bari ranar ta wuce, sai ka sake biyan kuɗi ka zauna cikakkiyar jarrabawa.